Zaton "ai ya gan ni" da sauran kurakuran da aka fi yi a titunan Abuja

Yawancin kurakuran da ake tafkawa a titunan Abuja daga zato guda suke tasowa, wato kowa ya ɗauka cewa ɗan'uwansa ya gan shi. Direba yana zaton mai tsallakawa zai dakata, mai tsallakawa yana zaton direba zai rage gudu, mai keke kuma yana ganin tun da ya hango tirela, ita ma ta hango shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro a wajen direbobi shi ne sabo da gudu. Wanda ya taso daga Zuba ko Kubwa yana zuba kilomita 100 a awa, idan ya sauka ya shiga Gwarimpa sai ya ji 70 kamar rarrafe ce, alhali ƙa'idar cikin gari 50 ce. Jikinsa ne ya yaudare shi, saboda haka maganin abin shi ne ya dubi allurar da ke nuna gudu duk lokacin da ya bar babbar hanya. A kilomita 100, mota tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ke nufin leƙen waya na daƙiƙa biyu tafiyar sama da mita 55 ce a makance. Idan kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninka huɗu.

Sau da yawa bayan an yi karo a mahaɗa sai ka ji direba yana rantsuwa, "Wallahi na duba, ban gan shi ba." Ba kullum ƙarya yake yi ba. Ido yakan nemo abin da zuciya ta sa ran gani, kuma tun da mota yake nema, sai kallonsa ya ƙetare keke ko babur. Gyaran shi ne a duba sau biyu, na biyun da niyyar neman ƙaramin abin hawa da mai tafiya a ƙasa.

Wata rana bayan magariba, a Lugbe, na ga wata dattijuwa riƙe da hannun jikanta tana shirin ƙetare hanyar filin jirgi, ga gadar tsallakawa ba nisa. Wani matashi ya ce mata, "Mama, don Allah mu hau gada." Ta amsa masa, "Ɗana, ai fitilarsu tana haska mu." A nan kuskuren yake. Wanda ke tsaye yana kallon fitila mai ƙarfi yakan ɗauka shi ma a bayyane yake, alhali mai baƙin mayafi ba ya fitowa a idon direba sai an zo dab da shi. Ƙari a kan haka, ido ba ya iya auna gudun abin da ke tunkararsa kai tsaye, musamman babbar mota, wadda takan yi kamar tana tafiya a hankali. Na san hawa gada yana da wuya ga tsofaffi da masu kaya, kuma wasu suna tsoron ɓata-gari da dare, amma layukan wannan hanya sun yi yawa a ce an dogara da kiyasin ido. Daga ƙarshe matashin ya karɓar mata jaka suka hau tare.

Shi kuwa mai keke, ya kamata ya daina bin hannun da ba nasa ba da sunan yana son ganin abin da ke zuwa, domin direban da ke fitowa daga lungu ba can yake kallo ba. Kada kuma ya kutsa tsakanin tirela da bakin titi a wurin da za ta iya karya kwana zuwa dama, saboda ƙafafunta na baya sukan yanko ciki fiye da na gaba. Idan ba ya hango fuskar direban a madubin gefe, to ya ja baya har sai motar ta gama juyawa.