Yadda Ake Ƙalubalantar Kamfanin Inshora a Birtaniya Idan Ya Ƙi Biyan Diyyar Ɓarnar Tsautsayi a Gida

Wasiƙar da kamfanin inshora ke aikowa yana cewa ba zai biya diyya ba takan zo da lafazi mai kama da hukuncin alƙali, shi ya sa da yawa daga cikin mutanenmu mazauna Birtaniya suke ninke ta su ajiye, su ɗauke ta a matsayin ƙaddara. Alhali kuwa ra'ayin ɓangare ɗaya ne kawai a yarjejeniyar da ɓangarori biyu suka ƙulla, kuma dokar ƙasar ta tanadi hanyar ƙalubalantarsa ba tare da an kashe ko sisi ba. Hukumar FCA, wadda ke sa ido kan harkokin kuɗi, ta wajabta wa kamfanonin inshora su duba buƙatun diyya cikin hanzari da adalci, ta kuma hana su ƙin biya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Kafin ka ɗaga waya cikin fushi, nemi kamfanin ya rubuto maka dalilinsa filla-filla, tare da ainihin sashen yarjejeniyar da ya dogara da shi. Daga nan sai ka ɗauko takardunka guda biyu, wato littafin sharuɗɗa da kuma gajeriyar takardar da ke ɗauke da sunanka da jerin abubuwan da ka biya wa kuɗi. A wannan gajeriyar ce za ka ga ko ka sayi kariyar ɓarnar tsautsayi tun farko, domin a yawancin kamfanoni ƙari ce da ake biya daban, kuma inshorar gini dabam take da inshorar kayan cikin gida. Mai haya da ya yi wa kayansa inshora ba zai nemi diyyar silin da ya rufta ba, wannan na mai gida ne. Idan ka tarar ba ka sayi ƙarin ba, duba sashen gilashi da kayan banɗaki da bututun ƙarƙashin ƙasa, domin kamfanoni da dama suna biyan fashewarsu ko da babu wannan ƙari.

Idan kuwa kariyar tana nan, to rigimar kusan kullum a kan tambaya guda take: shin ɓarnar ta faru ne farat ɗaya ba zato ba tsammani, ko kuwa a hankali ta riƙa ci har ta bayyana? Tsautsayi a wurin masu inshora shi ne abin da ya auku nan take, ba da gangan ba, kamar dutsen guga ya faɗi a kan kafet, ko injin huda bango ya fasa bututun ruwa, ko ƙafar mutum ta burma silin yana neman kaya a saman ɗaki. Abin da tsufa da yawan amfani suka cinye, ko danshi da ruɓewa, ko aikin magini mara inganci, galibi an cire su, haka ma ɓarnar kare ko kyanwa a yarjejeniyoyi da yawa. A nan ne ya kamata ka san nauyin da ke kan kowa. Naka shi ne ka nuna cewa abin da ya faru yana cikin abin da aka yi wa inshora, amma da zarar kamfanin ya ce zai fake da wani sashen da ya cire wani nau'in ɓarna, shi ne zai kawo hujjar cewa sashen ya shafi lamarinka. Cewa kawai "tsufa ne" ba hujja ba ce. Ma'aunin kuma ba tabbaci ɗari bisa ɗari ba ne, abin da ya fi rinjaye ake dubawa.

A ɗauka kwalbar turare mai nauyi ta suɓuce daga kan kanta ta faɗa cikin kwanon wanke hannu na tangaran, ya tsage, kamfani kuma ya kalli hoto ɗaya ya ce tsohuwar tsaga ce. Tangaran da abu ya buga yakan nuna wurin bugun, ɗan gurbi ko ɓantare, tsagar kuma ta bazu daga nan kamar reshe, cikinta fari tas domin datti bai riga ya shige ta ba. Tsohuwar tsaga kuwa takan yi duhu saboda sabulu da ruwan shekaru. Mai gyaran famfo da ya san aikinsa zai gane wannan da kallo ɗaya, kuma rubutaccen bayaninsa na layi biyar, mai kwanan wata da sa hannu, wanda ya faɗi musabbabin ɓarnar ba kuɗin gyara kaɗai ba, ya fi doguwar wasiƙar koke nauyi. Saboda haka kada ka zubar da abin da ya lalace, kada kuma ka gyara kafin a duba, sai dai gyaran gaggawa na hana ɓarnar yaɗuwa, shi ma bayan ka ɗauki hotuna daga nesa da kusa ka adana rasit. Tsofaffin hotunan biki ko suna da aka ɗauka a ɗakin sukan yi amfani ainun, tunda suna nuna lafiyar kayan kafin ranar.

Ka kuma tuna cewa jami'in ƙiyasta ɓarna da kamfani ya turo, komai fara'arsa, kamfanin ne ke biyansa. Nemi kwafin rahotonsa ka karanta, domin wani lokaci za ka tarar ya rubuta "mai yiwuwa" a inda wasiƙar ƙin biya ta yanke hukunci kai tsaye. Dokar kare bayanan jama'a ta ba ka damar neman duk bayanan da kamfanin ke riƙe da su a kanka, har da muryar hirarrakin waya idan an naɗa, kyauta, kuma a ƙa'ida cikin wata guda za su amsa. Wannan yana da muhimmanci ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, domin sau da yawa kalma ɗaya da aka furta cikin ruɗewa a kiran farko, kamar mutum ya ce abin "ya daɗe" yana nufin kwana biyu, ita ake riƙewa a gina hukunci a kanta. Idan haka ta faru, yi bayanin abin da kake nufi a rubuce. Amma kada ka sauya labari ko ka ƙara gishiri a kan asarar, domin dokar inshora ta 2015 ta ba kamfani damar ƙin biyan diyyar gaba ɗaya idan ya tabbatar da zamba, har da ɓangaren da gaskiya ne.

Da hujjojinka a hannu, rubuta wa sashen koke-koke na kamfanin, ta imel ko wasiƙa, ka bayyana ƙarara cewa koke kake shigarwa a hukumance, domin daga ranar da koken ya isa gare su ne lissafin kwanaki ke farawa. Sa lambar yarjejeniya da lambar buƙatar diyya, ka faɗi abin da ya faru da ranarsa, ka kawo dalilin da suka bayar ka warware shi da hujja, sannan ka faɗi abin da kake so a yi, ko biyan kuɗin gyara ko sauya kayan. Idan lafazin sashen da suka dogara da shi yana ɗaukar ma'ana biyu, ambaci dokar haƙƙin masu saye ta 2015, wadda ta ce a irin wannan hali ma'anar da ta fi amfanar mai saye ake ɗauka. Idan kuma cewa suka yi ka ba da amsar da ba daidai ba lokacin sayen inshorar, dokar 2012 kan bayanan da mai saye ke bayarwa ta bambanta ganganci da sakaci, kuma a kan sakaci, in da kamfanin zai sayar maka da inshorar a farashi mafi tsada, rage diyyar zai yi daidai gwargwado, ba hana ta ba. Kamfanin yana da mako 8 ya ba ka amsarsa ta ƙarshe.

Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, ko mako 8 suka cika shiru, sai ka kai ƙara ofishin Financial Ombudsman Service, wanda dokar shekarar 2000 ta kafa don sasanta jama'a da kamfanonin kuɗi. Kyauta ne, ba a buƙatar lauya, kuma a ganina ba shi da amfani ka ba wani kamfanin dillancin koke kaso daga diyyarka a kan fom ɗin da za ka iya cikewa da kanka a intanet, ko da taimakon ofishin Citizens Advice, mai ba jama'a shawara kyauta. Wa'adin wata 6 ne daga ranar da ke kan amsar ƙarshe, kuma ci gaba da musayar wasiƙu da kamfanin ba ya tsayar da shi. Mai bincike ne zai fara duba takardun ɓangarorin biyu ya ba da ra'ayinsa bisa abin da ya ga ya dace da adalci, ba bisa tsantsar lafazin yarjejeniya kaɗai ba. Duk wanda bai yarda ba yana iya neman wani babban jami'i a ofishin ya yanke hukunci na ƙarshe. Idan ka karɓi hukuncin, dole kamfanin ya aiwatar, idan ka ƙi kuwa ƙofar kotu tana buɗe, kuma a Ingila da Wales ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba takan bi sashen ƙananan ƙararraki. Aikin ofishin yakan ɗauki watanni, don haka idan gidan ba ya zaunuwa sai an gyara, sanar da su da kamfanin a rubuce kafin ka taɓa komai, ka ajiye ɓangaren da aka cire tare da rasit ɗin aikin.