Yadda Ake Koyar da Manya Kimiyya da Na'urar VR a Gidan Tarihi

A shekarar 2017, Gidan Tarihin Kimiyya na Landan ya baje kolin kumbon Soyuz da ya dawo da ɗan sama jannatin Birtaniya Tim Peake daga sararin samaniya a watan Yunin 2016. Sai suka haɗa shi da shirin VR, wato fasahar da ke nuna wa mutum wani wuri kamar yana cikinsa: ka sanya na'ura a fuska, ka tsinci kanka cikin kumbon kana gangarowa kilomita 400 zuwa Kazakistan. Ga yadda ma'aikacin gidan tarihi zai bi irin wannan tsari.

Da farko, zaɓi tambaya ɗaya tak. Misali: yaya abin da ke gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a yake sauka ƙasa da mutane a raye?

Na biyu, kai mahalarta gaban ainihin kayan kafin kowa ya taɓa na'ura. A ganina wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ake yawan tsallakewa saboda ɗokin na'urar. Su ga ƙunar da ke jikin kumbon, ka tambaye su me ya babbaka shi haka. Babba ba ya zuwa hannu rabbana. Makaniki ya san birki yana zafi, direba ya san yadda iska ke turje wa mota. Bar su su yi hasashe, kada ka gyara musu tukuna.

Na uku, shirya wurin. Kowa ya zauna a kujera, a daidaita na'urar ga masu tabarau, a goge ta bayan kowane mutum. Mace mai lulluɓi, mace ce za ta ɗaura mata. Kada a bar 'yan kallo suna ɗaukar hoto, domin dattijon da ya ji ana masa dariya ba zai sake sanyawa ba.

Ka gargaɗe su kan jiri. Ido yana ganin motsi, cikin kunne kuwa bai ji jiki ya motsa ba, wannan saɓanin ke kawo tashin zuciya. Duk wanda ya ji haka ya rufe ido, ya ɗaga hannu. Minti 10 zuwa 15 da na'urar a fuska ya wadatar.

Na huɗu, da sun cire na'urar, ba su ɗan lokaci su dawo hayyacinsu, sannan a koma gaban kumbon. Tambaye su abin da suka gani daki-daki: hasken wuta a taga, fizgar lemar saukar da kumbon, da saukar. Daga nan ka ɗora bayani cewa iskar duniya ce ke cinye mafi yawan gudun ta mai da shi zafi, lema ta rage saura, ƙananan rokoki kuma su tashi dab da taɓa ƙasa. Maimaita tambayar farko, kowa ya amsa da bakinsa, ka rubuta inda aka fi rikicewa don gyara zama na gaba.