Darasi Na Bakwai: Mai Lalurar Ƙwaƙwalwa Ma Yana Neman Na Kansa

Ƙwaƙwalwa tana ciwo kamar yadda sauran jiki yake ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019, mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Mafi yawansu ba yawo suke yi a bola ba. Suna kasuwa, suna gona, suna cikin gida suna renon yara, kuma wataƙila akwai ɗaya a gidanku.

Yadda ake gane ta

Mutum zai daina barci, ko ya yi ta barci ba ƙarewa. Abinci ya fita ransa. Abin da yake so a da, kamar zaman majalisa ko zuwa biki, ya koma ba ya masa daɗi. Wani kuma faɗuwar gaba ce ba dalili, wani yana jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi. Mai jego ma takan shiga wannan hali, ta yi ta kuka, a ce shagwaɓa ce. Idan ƙuncin rai ya kai mako 2 bai ɗaga ba, a je asibiti. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Abin da aka gani a Aro

A 1954 wani likita ɗan Nijeriya, Dakta Thomas Adeoye Lambo, ya gwada wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Bai kulle marasa lafiya a ɗaki ba. Sai ya sa aka ba su masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane tare da ɗan'uwansa. Da rana su zo a duba su, a ba su magani, su taɓa ɗan aiki, da yamma su koma cikin jama'a. Tsarin ya yi suna har a ƙasashen waje, shi kuma Lambo ya zama mataimakin babban darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ku dubi abin da ya haɗa: magani, dangi da aikin yi. Yau ma su ne ke tayar da mutum. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an sa wa mara lafiya mari a ƙafa. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu wannan lalura.

Inda ake yawan karaya

Wajen shan magani ne. Maganin ciwon damuwa ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi. Da farko wani yakan ji kasala, baki ya bushe, ko barci ya yi yawa. Nan ne dangi ke cewa, “Ai maganin ne ke ƙara masa ciwo.” Kada ka daina da kanka. Koma wurin likita ka faɗa masa, zai iya rage shi ko ya sauya wani.

Akwai kuma wanda ya ji garau, ya ce ya warke, ya ajiye magani. Bayan ’yan watanni ciwo ya dawo, jarin da ya tara ya narke. Likita ne kaɗai zai ce lokacin tsayawa ya yi.

Haɗa shan magani da abin da ba ka mantawa, kamar sallar isha'i. Adana katin asibiti a leda. Idan azumi ya gabato, tambayi likita yadda za ka sauya lokaci. Addu'a da magani ba sa faɗa, a yi duka biyun. Amma tiramadol, wiwi da sholisho suna dagula lamarin, a nisance su.

Komawa sana'a

A ce tela ne ya yi wata uku bai hau keke ba. Kada ya karɓi ɗinkin sallah ranar farko. Ya fara da faci da sa maɓalli, ya tashi da azahar. Mako mai zuwa ya ƙara riga ɗaya. Wata rana hannu zai yi rawa, zare ya ƙi shiga allura, ya ji kamar bai taɓa iyawa ba. Ya rufe shago ya huta, gobe ya dawo. Ya sami mutum ɗaya da ya yarda da shi, wanda zai ce masa, “Yaya, kwana biyu ba ka barci, mu je asibiti.”

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri. Idan sun yi nisa, fara da asibitin da ke kusa, su za su tura ka.

Aikin yi

Rubuta alamomi uku da za su sa ka kai ɗan'uwanka asibiti. Sannan ku tattauna a aji: idan maƙwabcinka ya daina shan magani don ya ji sauƙi, me za ka ce masa?