Gyaran launin hoto idan farar riga ta fito rawaya ko shuɗiya

Ƙorafin da masu ɗaukar hoto suka fi sha daga kwastoma bayan biki shi ne na launi. Farar shaddar ango ta koma ruwan ɗorawa, ko fuskar amarya ta yi kore-kore kamar ba ta da lafiya, alhali a wurin bikin babu wanda ya ga haka. Laifin ba na lensi ba ne, kuma ba kyamarar ce ta lalace ba. Abin da ya kuskure shi ne daidaiton fari, wanda aka rubuta WB a jikin kyamara ko a cikin jerin saitinta.

Kowane haske yana da nasa launi. Idon mutum da ƙwaƙwalwarsa suna gyara wannan da kansu, shi ya sa farar takarda take zama fara a idonka ko a tsakar rana ko a gaban fitila. Ita kyamara dole ta yi hasashen wane irin haske ne ya sauka a kan abin, sannan ta cire launinsa. In hasashen ya kauce, duk hoton ya rine.

Lambobin Kelvin da yadda suke rikita mutane

Ana auna launin haske da ma'aunin Kelvin, ana rubuta shi da harafin K. Harshen kyandir yana wajen 1900, tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki yana tsakanin 2700 da 3200, doguwar farar fitila wajen 4000, rana tsaka 5200 zuwa 5600, filasha 5500 zuwa 6000, ranar da hadari ya rufe sama 6000 zuwa 6500, inuwa a ƙarƙashin shuɗin sama kuwa 7000 zuwa 8000. Ƙaramar lamba haske ne mai ja-ja, babbar lamba haske ne mai shuɗi-shuɗi.

Ga inda ake ruɗewa. Lambar da ka saka a kyamara ba launin da kake so ba ce, bayani ne kake yi wa kyamara game da hasken wurin. Idan ka saka 3000, ka ce mata hasken ja ne, sai ta zuba shuɗi don ta kashe jan. Idan ka saka 7500, ka ce mata hasken shuɗi ne, sai ta ƙara rawaya. Don haka dokar aiki ita ce: hoto ya yi rawaya, rage lamba, hoto ya yi shuɗi, ƙara lamba. Ka riƙa matsawa da 200 ko 300 a lokaci guda kana dubawa. A ƙananan lambobi canjin ya fi ƙarfi, domin tazarar 3000 zuwa 3300 ta fi fitowa a ido nesa ba kusa ba a kan tazarar 7000 zuwa 7300.

Kelvin rabin maganar ne kawai. Akwai layi na biyu, daga kore zuwa ruwan hoda mai shunayya, kuma shi ne yake ɓata fatar mutane a ƙarƙashin doguwar fitila da ƙwayayen LED masu araha. Ko ka yi ta juya K har gobe, koren ba zai fita ba. A kyamarar Canon da Nikon da Sony akwai wani ɗan zane mai haruffa huɗu a cikin saitin WB: A da B na rawaya da shuɗi, G da M na kore da ruwan hoda. Fuska ta yi kore, matsa taki ɗaya ko biyu zuwa M. Kada ka manta ka mayar da shi tsakiya idan ka fita daga ɗakin, don kyamara ba ta mayar da shi da kanta.

Saiti kafin a danna

AWB, wato barin kyamara ta zaɓa da kanta, yana aiki da kyau a waje da rana. Yana faɗuwa ne idan launi ɗaya ya cika hoton. Ƙawayen amarya goma cikin jan anko za su sa kyamara ta ɗauka hasken ne ja, sai ta ƙara shuɗi da kore, fuskoki su yi toka-toka. Wata illarsa ita ce ba ya tsayawa wuri ɗaya: hotuna ashirin a kujera ɗaya za su iya fitowa da launi ashirin, kuma gyara su ɗaya bayan ɗaya ya fi komai cin lokaci. Saiti tsayayye, ko da ya ɗan kauce, ya fi sauƙin gyara, domin kuskuren iri ɗaya ne a duka.

Hanyar da ta fi inganci ita ce auna hasken da katin ruwan toka. A sa katin daidai inda fuskar mutum za ta kasance, yana fuskantar kyamara, hasken da zai haska fuskar yana sauka a kansa. A Canon, ka ɗauki hoton katin ya cika tsakiyar allo, ka shiga Custom White Balance ka zaɓi hoton, sannan ka koma saitin WB ka zaɓi alamar da ta dace da shi. Wannan takin na ƙarshe ne ake yawan mantawa, sai a zaci saitin bai yi aiki ba. A Nikon, ka zaɓi PRE, ka danne maɓallin WB har rubutun ya fara ƙyaftawa, ka ɗauki hoton katin. Idan ta karɓa za ta nuna Good ko Gd, idan haske ya yi yawa ko ya yi kaɗan za ta nuna no Gd, sai ka sake. Idan lensi ya ƙi kama katin saboda babu zane a jikinsa, mayar da shi kan juyawa da hannu, katin ba ya buƙatar fitowa tsaf.

Kada ka auna da farar riga. Kayan da aka wanke da bula, da sabbin fararen yadudduka, da takardar ofis, duk suna ɗauke da shuɗin da ido yake karantawa a matsayin fari tas. Kyamara za ta cire wannan shuɗin, sai duk hoton ya karkata zuwa rawaya. Haka kuma farin bango da ya daɗe yakan yi ruwan madara, shi kuma ya jefa hoton cikin shuɗi. Kati na gaske, irin WhiBal ko allon ColorChecker, an yi shi ne don kada ya karkata ko'ina.

Gyara a kwamfuta

Idan ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, daidaiton fari bai shiga jikin hoton ba tukuna, umarni ne kawai da ke rataye da fayil ɗin, kuma za ka iya canza shi ba tare da asarar komai ba. Fayil ɗin RAW yana riƙe da bit 12 ko 14 na bayanin launi, wato dubban matakai ga kowane launi. JPEG bit 8 ne, matakai 256 kacal ga kowane launi, kuma an riga an gasa launin a ciki. Duk aikin da haskensa ke da wuya, RAW ya kamata a ɗauka.

A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, buɗe hoton da katin yake ciki, danna harafin W, alamar ɗigon magani za ta fito, ka taɓa katin da ita. Duba lambobin R da G da B, wato ja da kore da shuɗi, a ɗan akwatin da ke bin alamar: bayan gyara su ukun za su zo kusan daidai. Sannan ka zaɓi sauran hotunan da aka ɗauka a hasken nan, ka danna Sync, ka bar alama a kan daidaiton fari kaɗai. Idan babu kati, nemi abu mai ruwan toka ko fari mai ɗan inuwa: farin faranti, kwalta, ƙarfen kujera mara fenti. Wurin da haske ya ƙone ya zama fari fat ba shi da amfani, babu sauran bayanin launi a ciki, manhajar ma za ta ƙi karɓa. Bayan haka ka daidaita Temp, layin rawaya da shuɗi, da farko, sannan Tint, layin kore da ruwan hoda, idonka a kan goshi da kumatu. Baƙar fata ba ta yafe kuskure: shuɗi kaɗan ya sa ta yi furu-furu, rawaya da yawa ya sa ta yi ruwan lemo kamar an shafa mata wani abu. Manhajojin kyauta irin su darktable da RawTherapee suna da wannan alamar, haka ma Snapseed a waya.

Ga JPEG, buɗe Curves a Photoshop, ɗauki alamar ɗigo ta tsakiya cikin ukun, ka taɓa wurin da ya kamata ya zama ruwan toka. Ka sa girman samfurin ya zama 5 sau 5 ko 11 sau 11, domin ɗigo ɗaya tak zai iya faɗawa kan dusar hoto, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ke ɓata shi, ya ba ka launin ƙarya. Ƙaramin kuskure zai gyaru. Hoton da aka ɗauka a gaban ƙwai mai zare da saitin rana kuwa, sashen shuɗinsa kusan babu komai, in ka matsa masa sai dusa da dabbare-dabbare su fito a inuwa.

Idan haske biyu suka haɗu

Nan ne aikin yake da wuya, domin saiti ɗaya haske ɗaya kawai yake iya gyarawa. Mutum yana zaune kusa da taga, ƙwai mai rawaya yana kunne a samansa: ka gyara ɓangaren taga, ɗayan kuncin ya yi ruwan lemo, ka gyara na ƙwan, na tagar ya yi shuɗi. Mafita mafi sauƙi ita ce a kashe ɗaya. Idan ba zai yiwu ba, ka zaɓi hasken da ya fi sauka a fuska ka auna da shi, sauran ka bi su da burushin gyara a kwamfuta.

Filasha a cikin zaure mai fitilu masu rawaya ita ma haske biyu ne. Mutum zai fito daidai, bayansa ya yi jajir. Maganin shi ne ledar launi mai ruwan lemo da ake kira CTO, a manna ta a bakin filasha. Cikakkiya tana sauko da hasken filasha zuwa wajen 3000, rabi kuwa zuwa wajen 3800. Sai ka saka K ɗin kyamara daidai da haka, gaba da baya su zo launi ɗaya. Ga doguwar fitila akwai koriyar leda mai irin wannan aikin. Ka kula da inda kake harba filashar ma: rufin ɗaki mai launi zai rina hasken, kamar yadda jar rumfa ko koriyar rumfa take rina fuskokin waɗanda ke zaune a ƙarƙashinta.

Wani lokaci saitin a tsaye yake amma hotuna suna fitowa wannan kore, wancan ruwan hoda. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, doguwar fitila irin ta da da wasu LED suna ƙyaftawa sau 100, launinsu yana canzawa a cikin kowace ƙyaftawa. Saurin ɗauka na 1/250 na daƙiƙa ko mafi sauri yana kama guntun zagayen ne kawai. Sauko zuwa 1/100 ko 1/50, ko ka kunna saitin hana ƙyaftawa idan kyamararka tana da shi. A kan janareta juyawar ba ta cika tsayawa a 50 daidai ba, don haka ka ɗauki hotunan gwaji biyar a jere ka kwatanta kafin a fara taro.

Fitilun ado masu shunayya ko shuɗi zalla da ake haska dandalin biki da su ba sa gyaruwa da WB ko kaɗan. Kusan babu kore a cikin haskensu, shuɗin zalla ma ba shi da ja, kuma abin da bai sauka a fata ba babu manhajar da za ta dawo da shi. Dole filasharka ta fi su ƙarfi a kan fuska, ko a roƙi mai kula da fitilu ya sa fari lokacin ɗaukar manyan hotuna. Hoton da ya riga ya lalace ta haka, mayar da shi baƙi da fari ya fi a yi ta jan sa.

Ba kowane launi ake cirewa ba. Jan faɗuwar rana da rawayan hazon hunturu suna cikin abin da ya sa aka ɗaga kyamara, kuma AWB zai yi ƙoƙarin wanke su. A irin wannan ka tsayar da K a 5200 zuwa 5600 ka bar hasken yadda yake.

Kafin ka yarda da duk wani gyara, tabbatar allon da kake dubawa ba ya yaudararka. Kashe saitin dare da ke sa allon waya ko kwamfuta ya yi rawaya, ka sa farinsa a 6500, kuma kada ka yi gyara a ɗaki mai fitila mai launi. Ido yana sabawa da kuskure cikin 'yan mintoci, don haka ka tashi ka dubi waje ka dawo kafin ka yanke hukunci. Ka fitar da hotunan a tsarin launi na sRGB, kuma idan za a kai su wanki, a fara gwada guda ɗaya mai fuska da farar riga a ciki, a gaya wa masu wankin kada injinsu ya sake yi masa gyaran launi na kansa.