Ku daina yanke wa suna hukunci da jin ƙarshensa

Wallahi na gaji da gyara abu ɗaya ga yaran da ke zama gaban kwamfuta suna cike wa mutane takardu a nan Garwa ta Kamaru. Da sun ji ƙarshen suna shi ke nan, sauran sai su ƙarasa da ka.

Wanda ya fi ci min rai shi ne dangin -dou: Amadou, Hamadou, Ahmadou, Mohamadou, Mamoudou. A baki kusan ɗaya suke fita, balle in tsohuwa ce take faɗa da sauri, amma a takarda mutum biyar ne daban. Ɗan yayata Hamadou ne a akta, wato takardar haihuwa, wani ya buga masa Amadou a dosiyen jarrabawa, H ɗaya tak ya ɓata, yaro ya ci BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, takarda ta fito da sunan da ba nasa ba, muka yi ta zirga-zirga ofis-ofis, ga kuɗin tambur (kan sarki) ga kuɗin moto ga shagona a rufe, uwarsa kuma kullum kuka. Ni yanzu ba na buga sunan kowa sai akta na gabana, in kwafa harafi-harafi, in juya wa mai suna allon ya karanta da kansa. Ka manta ta a gida? Koma ka ɗauko, malam.

Kuma kar ka ce za ka gyara wa mutum. Ahmadou Ahidjo, ɗan garin nan da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, da -ou ake rubuta nasa, na Najeriya su sa Ahmadu. Abin da ke takarda shi za ka bi.

Sai masu ganin -tou su sa mace ba tambaya. To Aïssatou, Fadimatou, Aminatou mata ne, amma Hamzatu da Usamatu fa? Wannan -tu ɗin daga harafin ta na ƙarshen sunan Larabci ya fito, kuma akwai maza masu shi. Shi ya sa ba a cewa Zainabatu, Zainab ba ta da shi. Haka -a: Musa, Isa, Yahaya duk maza. Adama a Kano mace ce, a nan kuwa Modibbo Adama muka sani, wanda ya kafa Yola a 1841. Dan Allah buɗe baki ka tambaya, namiji ne ko mace, ba a biyan kuɗin tambaya.

-awa ma haka. Kanawa, Gobirawa, Larabawa mutane ne, amma Jigawa jiha ce, Garwa da Marwa garuruwa ne, kuma ba a cewa Fulawa, Fulani ne. Adamawa biyu ce, in za ka rubuta wurin haihuwa ka tantance ta Ngaundere ce ko ta Yola.

Nuruddini da Shamsuddini kuwa a rubuta su cikakku, ba Dini kawai ba.