Idan Bugun Zuciya Ya Yi Yawa a Kan Tsauni

A Chappal Waddi, tsaunin da ke yankin Mambila a jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419, iska ba ta ƙosar da huhu kamar a ƙasa, shi ya sa zuciya ke ƙara gudu.

1. Kwana biyun farko a Mambila, tafiya kawai. Gudu ya jira.
2. Da ka ji ƙirji na bugawa, tsaya. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙirga bugun daƙiƙa 15, ka ninka sau 4 don samun bugun minti ɗaya.
3. Cire shekarunka daga 220, kada bugun ya kusanci adadin da ya rage. In magana ta gagara sai da haki, ai ka wuce gona da iri.
4. Zauna ka sha ruwa, ko sanyi ya ɓoye ƙishi.
5. Ciwon ƙirji, jiri ko amai? Sauka, ka ga likita.