Yadda Malami Zai Koyar da Zamanin Tafiye-tafiyen Turawa daga Bakin Tafkin Chadi

Malamin da zai koyar da wannan babi a Garuwa, Marwa ko Kusiri da ke arewacin Kamaru bai kamata ya fara da jiragen Kolombus ba, domin idan ya yi haka yara za su ɗauka cewa babu wani abin kirki a nahiyoyin Afirka da Amurka kafin zuwan Turawa. Ya fara da gida.

Da farko ya ɗauki alli ya raba allo gida uku, ya rubuta Afirka, Turai da Amurka, sannan ya jera shekaru daga 1300 zuwa 1600 a gefe, don a ga abin da ya faru a lokaci guda. A shekarar 1324 Mansa Musa na Mali ya tafi aikin hajji, a 1325 kuma al'ummar Aztek suka kafa birnin Tenocitilan a tsakiyar wani tafki, inda birnin Meziko yake a yau. Wajen shekarar 1472, lokacin da jiragen Fotugal suka iso bakin kogin Wuri a gaɓar Kamaru ta yau, Mai Ali Gaji yana kafa Ngazargamu a Borno, Muhammadu Rumfa kuma yana sarautar Kano. A ganina wannan jeri shi ne ƙashin bayan darasin, kuma bai dace a yi gaggawar wuce shi ba. Idan makarantar tana kusa da kogin Logon ko na Shari, a ambaci mutanen Sao, tsoffin mazauna yankin, da tukwanensu da gumakansu na yumɓu, waɗanda ake iya gani a gidan tarihi na Njamena.

Bayan haka ne za a tambayi abin da ya fitar da Turawa teku. Amsar tana cikin ciniki: suna son zinaren Afirka ta Yamma da kayan yajin Indiya ba tare da sun bi ta hannun fataken Sahara da na Gabas ba. Fotugal ta kama birnin Sabta da ke gaɓar arewacin Afirka a 1415, ta gina ganuwar Elmina a gaɓar Ghana ta yau a 1482, Kolombus ya isa Amurka a 1492, Basko da Gama kuma ya isa Indiya a 1498.

Ranar darasi na gaba, malam ya biya kasuwa ya sayo masara, rogo, gyaɗa, tumatir da barkono, ya baje su a kan tebur tare da gero da dawa, ya ce yara su ware na gida da baƙi. Da yawa za su sa gyaɗa cikin na gida, alhali ita da sauran huɗun daga Amurka suka zo. Daga nan sai ya bayyana abin da ya tafi can: dawakai, shanu, rake, da cutar agana wadda ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ta kuma sauƙaƙa wa Sifaniyawa cin Tenocitilan a 1521.

Batun bayi kuwa, a faɗe shi ɓaro-ɓaro. An loda 'yan Afirka fiye da miliyan 12 a jiragen ruwa zuwa Amurka, kuma sarakuna da fatake na Afirka sun sa hannu a cinikin. Wajibi ne malam ya ƙara da cewa a yankinmu ma an kai hare-hare kan ƙabilun kudancin tafkin da na duwatsun Mandara, an kora mutane ta Sahara zuwa Tarabulus. Tun da akwai jikokin ɓangarorin biyu a aji ɗaya, ya zaɓi kalmominsa da kyau, kuma kada ya bari wani yaro ya yi wa ɗan'uwansa gori da asali.